Shagon Takardu na Gefen Ƙaramar Kasuwa a Ngaundere: Ra'ayin Mai Shirin Tafiya Aikin Bishara

Akwai wani shagon buga takardu a layin da ya bi ta gefen ƙaramar kasuwar Ngaundere, a ƙasar Kamaru, inda ake yin fotokofi, da buga wasiƙu, da ɗaukar ƙananan hotuna, da cike takardun hukuma ta intanet. Ni da maigidana mun dogara da shi tun lokacin da ikilisiyarmu ta amince ta aike mu Madagaska, ni a matsayin ma'aikaciyar jinya a wani asibitin ikilisiya, shi kuma a matsayin malamin makaranta, kuma da yake 'yan'uwa da dama sun tambaye ni inda muka yi takardunmu, na ga ya dace in rubuta abin da idona ya gani, mai daɗi da marar daɗi. Ban ambaci sunan shagon ko na mai shi ba domin ban nemi izininsa ba. Hukuncina kuwa shi ne, a fannin amana da sanin takardun hukuma ban ga kamarsa a garin nan ba, amma a fannin rufe sirrin jama'a da saurin aiki yana da gyara sosai.

Shagon ɗaki ɗaya ne da baranda. A ciki akwai kwamfuta biyu, da babbar na'urar fotokofi, da ƙaramar na'urar buga launi, da farin labule a bango wanda ake tsayawa a gabansa a ɗauki hoto, a waje kuma an ajiye benci domin masu jira. Mai shagon dattijo ne Bahaushe Musulmi wanda kowa ke kira Alhaji, yana jin Faransanci da Fulatanci kamar yadda yake jin Hausa, yana kuma da samari biyu masu taya shi aiki. Farashinsa bai bambanta da na sauran gari ba: fotokofin shafi ɗaya sefa 25, buga shafi baƙi da fari sefa 100, ƙananan hotuna huɗu sefa 1,000.

Abin da ke tara jama'a a ƙofarsa shi ne ya san takarda. Shekara da shekaru yana yi wa maniyyata aikin Hajji hidima kafin su hau jirgi, da ɗaliban jami'ar Ngaundere da ke Dang masu neman gurbin karatu a waje, da 'yan kasuwa masu zuwa Dubai da ƙasar Sin, har ya haddace irin wuraren da takardun mutanen arewa ke sarƙewa. Ranar da muka kai masa jerin abubuwan da ikilisiyar da za ta karɓe mu ta nema, bai taɓa kwamfuta ba sai da ya baje takardunmu na asali a kan tebur, ya sa tabarau, ya bi su ɗaya bayan ɗaya da yatsa. Da ya zo kan takardar haihuwata da takardar shaidar kammala makarantar jinya sai ya jera su, ya ce, "'Yata, a idon hukuma mai wannan da mai wannan ba mutum ɗaya ba ne." Harafi ɗaya ne ya bambanta a sunan mahaifina, kuma na yi shekaru ina aiki da takardun biyu ba tare da wani ofishi ya tanka ba, amma ya ce abin da ake kau da kai a kansa a gida ba a kau da kai a kansa a ofishin biza. Matsala ce da ta game mutanenmu da yawa, domin ma'aikatan rajista na da suna rubuta sunayenmu da kunnen Faransanci, Hauwa ta koma Haoua, Usman ya koma Ousmanou, wani magatakarda ya ƙara harafi, wani ya rage, ga kuma dattawan da aka rubuta musu cewa an haife su wajen shekara kaza ba tare da rana ko wata ba. Alhaji ya nuna mini hanyar da doka ta tanada, wato neman takardar shaidar cewa sunayen biyu na mutum ɗaya ne, ya gaya mini abin da zan riƙe in je da shi, ya kuma gargaɗe ni kada in yarda kowa ya ce zai gyara mini harafin a kwamfuta.

A wajen neman fasfo ne na fi ganin amfaninsa. Tun daga ranar 1 ga Yuli 2021 neman fasfo a Kamaru ta intanet ake fara shi: mutum ya cike bayanansa, ya biya sefa 110,000, ya zaɓi ranar da zai je a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa, hukuma kuma ta yi alkawarin fitar da fasfon cikin awa 48 idan takardu sun cika. Mu da yaranmu biyu sefa 440,000 ke nan, kuɗin da mata masu sayar da ƙosai da manoman doya suka haɗa mana, saboda haka kuskuren harafi ɗaya a wannan wuri ba ƙaramar asara ba ce. Tsarin Alhaji shi ne, bayan yaro ya gama cikewa, shi da kansa yake karanta kowane layi da babbar murya, mai takarda yana riƙe da katin shaidarsa yana amsawa, sa'annan a tura. Ba ya karɓar kuɗin fasfo a hannunsa ko kaɗan. Yakan sa mutum ya biya daga wayarsa, domin saƙon shaidar biya ya zauna a wurin mai kuɗin, shi kuma ya karɓi ladan aikinsa kawai. Shi ne kuma ya tuna mana tun da wuri cewa yara suna bukatar takardar izinin iyaye mai hatimin hukuma, cewa ni in riƙe takardar aure, da cewa kowane kofi da za a buga wa hatimin tabbatarwa yana cin tambur na sefa 1,500, don haka mu ƙidaya su mu sa a kasafi.

Wani abu da ban taɓa jin an koyar a taron shirya 'yan mishan ba, a shagon nan na koye shi, wato kowace takarda tana da tsawon ranta, kuma wanda ya tara su ba bisa tsari ba sai ta farko ta mutu kafin ta ƙarshe ta fito. Takardar shaidar rashin laifi wata uku kawai take yi, kuma a kotun yankin da aka haifi mutum ake neman ta, ga shi maigidana haifaffen Poli ne, sai an aika. Fasfo shekara biyar yake yi, amma ƙasashe da yawa ba sa barin mutum ya shiga sai da sauran wata shida a kansa. Katin rigakafin cutar shawara kuwa ba ya fara aiki sai bayan kwana 10 da yin allurar, ko da yake tun ranar 11 ga Yuli 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mai da shi na tsawon rai, ba na shekara 10 ba kamar da. Madagaska tana neman wannan kati daga duk wanda ya fito daga ƙasar da cutar take, Kamaru kuma tana cikinsu. Wannan na ƙarshe na san shi ta wurin aikina, amma Alhaji ma ya san shi ta wurin maniyyata, har ya tambaye ni ko an ce mu yi ta sanƙarau. Ya ɗauki farar takarda ya rubuta mana jeri da hannunsa, marasa wa'adi a sama, masu gajeren rai a ƙasa, ya ce kada mu taɓa na ƙasa sai an tsai da ranar tafiya. Na kuma ji shi yana hana wata mata manne takardar haihuwarta ta asali a cikin roba, ko da yake da ya yi mata da ya sami kuɗinsa, domin takardar da aka manne ba ta sake ɗaukar hatimi, kuma akwai ofisoshin da ke ƙin karɓarta. Kofi yake mannewa, ta asali kuwa a jakar leda yake sawa.

Rabin aikin da muka kai masa bai shafi hukuma ba. Wanda zai tafi aikin bishara daga ikilisiya irin tamu ba shi da wata babbar ƙungiya a bayansa, sai ya zaga ikilisiyoyi ya bayyana kiransa, ya roƙi addu'a da gudummawa, kuma a kowane wuri yana bukatar abin da zai bari a hannun mutane. Mun buga ƙaramin katin addu'a mai hoton iyalinmu da taswirar tsibirin, da wasiƙa mai shafi ɗaya cikin Hausa da Faransanci da Fulatanci. Yawancin shagunan gari ba sa iya buga haruffa masu lanƙwasa, waɗanda Hausa da Fulatanci duka suke bukata, amma ƙaramin yaron Alhaji ya sa su a kwamfutarsa kuma ya san inda suke. Duk da haka wajibi ne mai wasiƙa ya zauna ya karanta da kansa kafin a buga da yawa, domin yaron a makarantar Faransanci ya yi karatu, hannunsa yakan zame ya rubuta "ou" a wurin "u", yakan kuma haɗa kalmomin da ya kamata a raba.

Wasiƙar ta ci mana lokaci, domin tambayar da dattawa suka fi yi mana a Mbe da Meiganga da Tibati ita ce, ina ne Madagaska, kuma me zai kai ɗan Kamaru can alhali ga aiki jibge a gida? Dole muka sa amsar a rubuce. Tsibiri ne a tekun Indiya, sama da kilomita 400 daga gaɓar Mozambik, ya fi Kamaru faɗin ƙasa, ya sami 'yancin kai a 1960 kamar mu, kuma ana amfani da Faransanci tare da harshen Malagasi. Abin da ya fi taɓa zuciyar dattawan shi ne tarihin. 'Yan mishan na ƙasar Norwe sun isa Madagaska a 1866, suka kafa tasharsu ta farko a Betafo a 1867, kuma ƙungiyar da ta aike su ɗin ce ta iso Ngaundere a 1925, bayan Ba'amurke Adolphus Gunderson ya fara aiki a Mbula, kusa da Meiganga, a 1923. Ikilisiyar Luther ta can da tamu ta nan kamar 'ya'yan ɗaki ɗaya ne da aka raba tun suna ƙanana, ita ce babba mu ne ƙanana, kuma ba abin mamaki ba ne ƙarami ya je ya taya babba aiki. Muka ƙara da abin da ke cikin Ayyukan Manzanni sura 13, inda ikilisiyar Antakiya, wadda ita ma ba ta daɗe da kafuwa ba, ta yi azumi da addu'a ta ɗibiya wa Barnaba da Shawulu hannu ta sallame su. Alhaji ne ya ba da shawarar a ƙara girman rubutun a rage maganar, domin a ƙauye mutum ɗaya ne zai karanta wa jama'a bayan sujada, a majami'ar da ba ta da isasshen haske, kuma da muka je muka tarar haka abin yake.

A nan zan faɗi wani hali nasa da ya ƙara masa daraja a idona. Ya san sarai abin da muke shirin yi, ya san ayoyin Littafi Mai Tsarki ne yaransa suke bugawa, bai taɓa ɓata fuska ba, bai kuma taɓa jan mu da gardamar addini ba. Shafukan da suka lalace wajen bugawa ba ya bari a jefa su a kwandon shara ko a taka su a ƙasa, sai ya tattara ya miƙo mini, ya ce, "'Yata, akwai sunan Allah a ciki, ki je ki yi yadda kuke yi da su." Da ya ji nisan tafiyar sai ya ba mu labarin kakanninsa da suka bi ta Chadi da Sudan a ƙafa zuwa Makka, suna tsayawa noma a hanya shekara da shekaru, ya ce Bahaushe bai taɓa tsoron nisa ba, mu dai mu riƙe iyayenmu da waya. Ba addininmu ɗaya ba, shi ya san haka ni ma na sani, amma ban taɓa fita daga shagon ina jin an rena abin da na ba da gaskiya gare shi ba.

Maganar kuɗi ita ce ta sa na yanke shawarar rubuta wannan sharhi. Gudummawar ikilisiyoyin ƙauye ba ta zuwa wata-wata kamar albashi. Bayan kaka take zuwa, kuma sau da yawa ba tsabar kuɗi ba ce, buhun masara ne, ko gyaɗa, ko doyar Mbe, ko galan ɗin zuma, sai zumuntar mata ta sayar ta turo ta Orange Money ko MTN MoMo, a cire harajin kashi 0.2 cikin ɗari da aka sa wa tura kuɗi ta waya tun 2022, da ladan masu turawa. Alhaji ya tsara mana littafin lissafi mai layuka, sunan ikilisiya, abin da ta yi alkawari, abin da ya iso, da ranar da ya iso, ya kuma ƙara layin da ke mai da jimlar zuwa yuro a kan sefa 655.957, tun da sefarmu ba ta cin kasuwa a Madagaska, sai an bi ta yuro kafin a sami ariyari, kuɗin ƙasar. Kowane ƙarshen wata mukan buga kofi mu kai wa dattawan ikilisiya.

Sai masu karɓarmu suka nemi wasiƙar da ke nuna abin da aka yi mana alkawari a kowane wata, kuma a lokacin abin da muka samu bai kai abin da suka ce iyali mai mutum huɗu yana bukata ba. Wani ɗan'uwa mai ƙaunarmu, wanda ya raka mu shagon, ya ce a rubuta cikakken adadin da ake nema, tun da mun ba da gaskiya Ubangiji zai cika sauran kafin ranar tafiya. Ba da mugun nufi ya faɗa ba, tsoron kada a ɗage tafiyar ne ya sa shi. Kafin mu buɗe baki Alhaji ya dube shi ya ce, "Malam, abin da ke cikin littafin nan shi zan buga. In Allah ya ƙaro, ku dawo in sake buga muku ba ko sisi." Haka aka yi, an ɗage tafiyar, kuma da alkawuran suka ƙaru ya sake buga wasiƙar bai karɓi komai ba. Na daɗe ina tunani a kan wannan rana. Bangaskiya tana sa mutum ya sayar da gadonsa da kujerunsa ya jira, amma ba ta ba shi ikon rubuta abin da bai faru ba a matsayin abin da ya faru, kuma wanda ya shiga ƙasar mutane da lambar ƙarya a takardarsa ya riga ya raunana shaidarsa tun kafin ya sauka daga jirgi. Manzo Bulus, lokacin da yake tattara gudummawa domin matalautan Urushalima, bai yarda ya ɗauki kuɗin shi kaɗai ba, sai da ikilisiyoyi suka zaɓi wanda zai raka shi, ya kuma bayyana a 2 Korantiyawa sura 8 cewa yana so abin ya zama daidai a gaban Ubangiji da kuma a gaban mutane. A garin da ba a rasa shagon da zai canza maka kwanan wata ko lambar banki in ka biya, samun wanda zai ƙi, ko da mai ciniki ya roƙa, kariya ce ga mai shirin wannan aiki. Na ga ya sallami wani saurayi da ya zo da irin wannan bukata a kan takardar banki, a hankali, ba tare da ya kunyata shi a gaban mutane ba.

Aibin shagon mafi girma shi ne rashin sirri, kuma ba zan sassauta shi ba. Fuskar kwamfutocin biyu tana kallon ƙofa, duk wanda ke tsaye a baya yana karanta abin da ake rubutawa, yaran kuma sukan tambayi mutum kalmar sirrin imel ɗinsa da ƙarfi a gaban jama'a. Na sha ganin hotunan fasfo da katunan shaidar wasu mutane a ajiye a fuskar kwamfutar kwana da kwanaki bayan masu su sun tafi. Gare mu abin da sauƙi, domin inda za mu ikilisiya a sarari take aikinta, amma akwai 'yan'uwa masu shirin zuwa wuraren da aikin bishara ke da haɗari, akwai kuma masu rubuta wasiƙun da ke ɗauke da sunayen sababbin masu bi ko labarin ƙauyukan kan iyaka na yankin Arewa Mai Nisa, inda rikicin Boko Haram ya tarwatsa ikilisiyoyi da yawa. Irin wannan wasiƙa ba ta da wurin zama a kwamfutar kasuwa, komai amanar mai shagon, domin ba shi kaɗai ke taɓa ta ba. Na yi wa Alhaji maganar, ya saurara, ya ce, "Kin yi gaskiya, 'yata," ya umarci yaran su riƙa share komai kowace yamma, amma na lura wani lokaci ana yi wani lokaci ana mantawa. Shawarata ita ce mutum ya shigar da kalmar sirrinsa da hannunsa, ya tsaya a goge takardunsa a gabansa har daga kwandon sharar kwamfutar, ya tabbata an fita daga imel ɗinsa, ya kuma canza kalmar sirrin da ya koma gida. Kada kuma ya sa filash ɗin da ke ɗauke da takardunsa masu muhimmanci a kwamfutocin nan, domin suna sa masa cutar da ke ɓoye abin da ke ciki. Turawa ta WhatsApp zuwa wayar shagon ya fi, sa'annan a goge saƙon.

Na biyu shi ne jinkiri. Wani sashe nasa ba laifin shagon ba ne, domin wutar arewa ta dogara ƙwarai da madatsar ruwa ta Lagdo a kan kogin Binuwai, kuma da rani ya yi nisa ruwa ya ja baya sai ɗauke wuta ya yawaita. Alhaji yana da batir da faifan hasken rana da ke riƙe kwamfutoci, amma ba ya iya ɗaukar babbar na'urar fotokofi, sai a zauna jira. Wani sashen kuwa halinsa ne, tun da ba ya yarda a tura takardar hukuma sai ya karanta da kansa, kuma mutum ɗaya ne, idan lokacin rajistar maniyyata ko na jarrabawa ya zo layi yakan fita har titi, bencin kuma rana tana dukansa daga azahar. Bugun launinsa ma matsakaici ne. Katunan addu'armu na farko sun fara koɗewa a bangon gidajen da aka liƙa su cikin 'yan watanni, don haka wanda yake son kati mai ɗorewa gara ya sa a tsara masa a nan ya kai babbar maɗaba'a a buga. Shagon yana rufewa a lokutan salla da kuma tsakar ranar Juma'a, abin da ban ɗauka aibi ba, sai dai mutum ya tsara zuwansa. Da sassafe ya fi, kafin kasuwa ta cika.

Takardun da suka fi yi mini nauyi su ne na ƙarshe, waɗanda babu ofishin bizar da ya nema. Akwai takardar wakilci da ta ba ƙanen maigidana ikon karɓar kuɗin hayar ɗakunanmu ya riƙa kai wa mahaifiyata, wadda ta tsufa kuma ni ce nake duba hawan jininta kowane mako. Akwai jerin magungunanta da lokutan shansu, da manyan haruffa, domin jikarta mai zama da ita. Akwai takardun sakamakon yara na makaranta, da wasiƙar barin aikina, da wasiyya, wadda fastonmu ya ce duk mai tafiya irin wannan ya rubuta ya bari. Ranar da za a buga wasiyyar Alhaji ya tashi yaron daga kujera ya zauna da kansa, ya juya fuskar kwamfutar zuwa bango, ya ce wa masu jira su ɗan ba mu wuri, yana buga abin da maigidana ke faɗa da yatsa biyu a hankali. Da aka gama ya goge ta a gabanmu ba tare da mun roƙa ba, ya gaya mana cewa takardar wakilcin ba ta da ƙarfi sai an sa hannu a gaban hukuma an buga mata hatimi. Wannan ya nuna mini cewa ya san abin da ake kira sirri, kuma da zai mai da abin da ya yi mana ran nan ƙa'idar kowace rana ga kowane mai ciniki, da ban sami abin da zan kushe shagon da shi ba sai jinkiri.

Akwai abubuwan da ba ya yi, kuma yakan faɗa tun farko. Ba ya fassarar da ofisoshin jakadanci ke karɓa, wadda sai mai fassara da aka rantsar. Mu ba mu bukace ta ba tun da takardunmu na Faransanci ne, amma mai zuwa ƙasar da ake Turanci ya duba, ko da yake takardun hukumar Kamaru da yawa da harsuna biyu ake buga su. Ba ya sayar da tikitin jirgin sama, ba ya kuma yi wa kowa alkawarin biza ko ya ce ya san wani a ciki. Abin da ya wuce ƙarfin Ngaundere sai an hau jirgin ƙasa na dare zuwa Yawunde, tafiyar sama da kilomita 600, kuma kafin wannan tafiya yakan shirya wa mutum takardunsa kashi uku: na asali a jakar da ba ta rabuwa da jiki, kofi masu hatimi a wata jaka dabam, da hotunansu duka a waya da imel. Wanda zai je wurinsa ya tafi da takardunsa na asali gaba ɗaya tun zuwan farko, har da waɗanda yake ganin ba a nema ba, da jerin abin da masu karɓarsa suka rubuto, da waya mai caji da kuɗi a cikinta, ya kuma ware rabin yini.